Butar Matse Gahawa: Zaɓenta Da Aiki Da Ita

Wanda ya yi sammako a tashar Gwarzo, ko a bakin kasuwar Kabo, ya tsaya wajen mai shayi ya ce a ba shi kofi, ya san abin da za a miƙo masa. A ɗebo gari daga gwangwani ko 'yar leda, a zuba ruwan zafi ya narke nan take, a bi shi da madara da sukari. Wannan shi ne Nescafé, wanda aka fara sayarwa a ƙasar Suwizalan cikin 1938. Ba a ce ba gahawa ba ce, amma gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwanta ya koma gari. Tsakaninta da wadda aka soya aka daka yau, kamar tsakanin madarar gari ne da nonon da aka tatso yanzu.

Ita gahawa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Asalin itacenta daga Habasha ya ke, Sufayen ƙasar Yaman kuwa su suka shahara da shanta tun ƙarni na 15 don ta taimake su tsayuwar dare, sunanta ma daga bakin Larabawa ya zo. Abin da ke baƙo shi ne wata buta da a kan ga ɗa ya aiko wa mahaifinsa daga birni, ko matafiyi ya kawo ta tsaraba. Sau da yawa ƙarshenta cikin kabet, gaban kwanukan amarya, don ba wanda ya san kanta. Wani lokaci kuma a ɗora ta bisa gawayi kamar butar shayi, gilashin ya fashe, a ce kayan Turawa ba su da ƙarko. Assha, ba laifin butar ba ne. Ita ba a ɗora ta kan wuta har abada.

Siffarta kuwa ga ta. Doguwa ce kamar gwangwani, ta gilashi ko ta ƙarfe, da mariƙi da murfi. Akwai sanda da ta ratsa tsakiyar murfin, a ƙarshen sandar kuma akwai faifan raga mai ƙananan ƙofofi kamar rariya. A jiƙa dakakkiyar gahawa cikin ruwan zafi, in ta jiƙu a danna sandar, faifan ya tura tsakin ƙasa, ruwan ya tsaya sama tatacce. Iyakar hikimarta ke nan. Ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar takardar tacewa da sai an aika birni a sayo, saboda haka ta dace da gidan da wuta ke zuwa yau ta ɗauke gobe.

A kan jingina ta ga Faransa, domin waɗansu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, su suka fara yi mata rajista cikin 1852. Amma irin wadda a ke gani yanzu waɗansu ne suka gyara ta: Attilio Calimani mutumin Italiya cikin 1929, sa'an nan Faliero Bondanini cikin 1958, wanda aka ƙera tasa a wata masana'antar Faransa da asalin aikinta yin kayan busa ne. Daga baya kamfanin Bodum na ƙasar Denmak ya watsa ta duniya.

To, mai son saye ya lura da abu biyu. Na farko jikinta. Ta gilashi ta fi kyaun gani, ta fi araha, mutum na ganin launin abin da zai sha. Amma gidan da ke da yara, kuma a ke wanke-wanke a tsakar gida bisa siminti, ta ƙarfe ta fi masa, ko da ta fi tsada, balle mai bango biyu wadda ke riƙe zafi da sanyin hunturu. Arha ba ta ado, in ji masu magana, wanda ya sayi gilashi sau biyu ya biya kuɗin ƙarfe. Na biyu shi ne faifan, kuma shi ne ruhin butar. Mai saye ya danna sandar tun a kanti, ya ga ko gefen ragar ya kama bango ko'ina ba rata, ya kuma warware sandar ya tabbata faifan na fita don wanki. In akwai rata, tsaki zai biyo ta nan ya cika kofi. Girma kuwa, mai rabin lita ta ishi mutum biyu, mai lita ɗaya ita ce ta maigida mai baƙi a zaure.

Sai batun gahawar kanta, kuma nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa. Ta gwangwani mai narkewa ba ta da aiki da wannan buta. 'Ya'yan gahawa a ke nema, ko soyayyu ko ɗanye. Ana noma su a nan Nijeriya, mafi daraja kuwa na tsaunin Mambila ne cikin Jihar Taraba. Wanda ya samo ɗanyu ba shi da damuwa a ƙasar da mata suka gwanance da suyar gyaɗa: kasko, wuta daidai, a yi ta juyawa ba tsayawa har su yi ƙara suna fashewa, launinsu ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu, a sauke a baza su huce kafin su yi baƙi.

Niƙa ita ce babbar magana. Kada a kai wa mai inji. Inji zai mai da ita gari lilis, ga ƙanshin barkono da masarar da ya niƙa ɗazu. Gari mai laushi shi ke ratsa raga ya dagula kofi, shi ke kawo ɗaci, shi ke toshe faifan har mutum ya danna da ƙarfi ruwan zafi ya yi tsiri ya ƙone shi. Abin da butar ke so shi ne tsaki, kamar tsakin dambu, kuma ba abin da ke fid da shi kamar turmi da taɓarya. Turawa na kashe kuɗi mai yawa kan na'urar da za ta yi musu abin da yarinya a Getso za ta yi da ƙaramin turmi cikin 'yan mintoci. Sharaɗi ɗaya ne: turmin ya zama nata ita kaɗai, wanda bai taɓa ganin daddawa ko yaji ba. In an daka a tankaɗe, abin da ya tsaya cikin rariya shi a ke so. A daka na yini ɗaya kurum, don ƙanshinta ba ya daɗewa bayan daka.

Awo kuwa giram 60 ne ga lita ɗaya. Ga rabin lita, giram 30, watau kamar cokali 6 na cin abinci ba a tula ba. A fara ɗauraye butar da ruwan ɗumi, musamman ta gilashi da sanyin safiya. Ruwa ya tafasa a butar shayi, a sauke, a bar shi kamar rabin minti, sa'an nan a zuba bisa tsakin, a motsa sau ɗaya, a rufe da sandar a sama. A jira minti 4. Mai son citta ko kanumfari ya sa tun farko su jiƙu tare. In lokaci ya cika a danna a hankali, da nauyin hannu kaɗai, a tsiyaye duka nan take, ragowar a juye cikin filas. Wadda aka bari zaune bisa tsaki ɗaci ta ke ƙarawa.

Akwai faɗakarwa ga dattawa. Abin da ke hana barci cikin gahawa shi ne dai wanda ke cikin goro, saboda haka mai cin goro da yawa ya yi lissafi, mai hawan jini kuma ya shawarci likita. Ban da wannan, ragar ƙarfe ba ta tare man da ke cikin gahawa yadda takarda ke yi. Man nan shi ke ba ta kauri da daɗi, amma binciken likitoci ya nuna yawan shansa kullum na ƙara kitsen jini. Wanda aka riga aka gaya wa kitsen jininsa ya hau, ya taƙaita, ko ya sake tace ta da takarda.

In an gama, a warware faifan a wanke shi tas, don man da ya kwana cikin raga shi ke ɓata ta gobe. Tsakin da ya rage a zuba shi juji, ya tafi gona tare da taki.