Ƙurar Shuhubai da Sauyin Lokutan Shekara

A tsakiyar watan Disamba, idan ƙurar hunturu ta lafa, mazauna Birnin Kudu da Gwaram kan ga haske yana keta duhu ya ɓace, su ce tauraro ya faɗi. Wannan shi ne shihabi, wanda aka ambata a surorin Hijr da Saffat da Jinn. Masana falaki sun tabbatar cewa galibinsa tsakuwa ce da ba ta wuce ƙwayar gero ba, wadda ke ƙonewa saboda tsananin gudunta a cikin iska.

Abin da ya ƙone ba ya salwanta. Yakan bar zarrori na ƙarfe da sodiyam da magniziyam, su taru su zama shimfiɗa tsakanin kilomita 80 zuwa 105 daga doron ƙasa. Vesto Slipher ya gano hasken sodiyam ɗin a 1929, aka fara auna shimfiɗar da hasken leza a Ingila a 1969.

Yawan zarrorin yana bin lokaci. A Turai da Amurka sodiyam da ƙarfe suna yawaita a hunturu, su ragu ƙwarai a lokacin zafi. Dalilin yana da ban mamaki: wannan ɓangare na sama ya fi sanyi a lokacin da ƙasa ta fi zafi, kuma sanyin yana sa zarrorin su haɗu da iskar okisijin da tururin ruwa, su bar zama tsura. Ga kuma iska mai kwashe su daga sashen duniyar da ke cikin zafi zuwa sashen da ke cikin sanyi. Kusa da tsakiyar duniya kuwa, inda garuruwanmu biyu suke a kan kimanin daraja 11 arewa, ma'aunin taurarin ɗan'adam ya nuna sauyi mai sauƙi, da hauhawa sau biyu a shekara, wajen Maris da Satumba. Yawan shuhuban Disamba ba shi ne ke cika shimfiɗar ba. Ƙurar da ke zuba kullum ba a gani ita ce mafi yawa.

Wasu masu wa'azi sukan ɗauki irin wannan bayani su ce shi ne ma'anar saukar da ƙarfe a Suratul Hadid, aya ta 25. A ganina wannan gaggawa ce. Malaman tafsiri da dama sun fassara saukarwar da halittawa da samarwa, kuma ma'aunin leza ba ya iya tabbatar ko kore jifan shaiɗanu, domin wannan gaibu ne da wahayi kaɗai ke ba da labarinsa. Allah ne mafi sani.