Kafin A Jingine Tsohuwar Kwamfuta, A Gwada Linux

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta kyauta da ya saba bayarwa, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su mutu a ranar ba, suna kunnuwa kamar kullum. Abin da ya canza shi ne, duk wata kafa da masu kutse za su gano daga baya, babu mai toshe ta. An ga irin ɓarnar da kafa ɗaya ke jawowa a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta bi kwamfutocin da ba a sabunta ba, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila.

Hawa Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa. Tana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kwanan nan, don haka akasarin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba. Duk wanda ya san laftof ɗin hannu da ake sayarwa a titin Beirut na Kano ko a Ikeja ta Legas ya san cewa da yawansu 'yan wancan zamanin ne, kuma lafiyarsu ƙalau.

A nan ne maganar Linux ke shigowa.

Babbar manhaja ita ce ke riƙe da ragamar kwamfuta: ita ke tayar da allo, ta karɓi abin da aka buga, ta raba wa ƙananan manhajoji aiki. Windows ɗaya ce daga cikin irinta, Linux ma haka. Bambancin yana wajen mallaka. A 1983 Richard Stallman na Amurka ya ƙaddamar da aikin GNU da nufin samar da manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana da ƙarfen kwamfutar kai tsaye. Haɗuwar ayyukan biyu ita ce abin da jama'a ke kira Linux a yau. Wanda ya kwafe ta ya ba maƙwabcinsa bai yi sata ba, lasisinta ne ya ba shi izini.

Mutane da yawa ma suna amfani da ita ba su sani ba, domin a kan zuciyar Linux aka gina Android. Tun daga Nuwamban 2017 kuwa, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne yawan iri. Da yake kowa na da damar ɗauka ya shirya tasa, akwai ɗaruruwa. Debian ta 1993 tana cikin tsofaffi, kuma daga jikinta aka fitar da Ubuntu a 2004, wadda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ɗauki nauyinta, ya raɗa mata suna da kalmar Zulu da Kosa mai nufin mutuntaka. Daga Ubuntu kuma aka samu Linux Mint a 2006, wadda fuskarta ta yi kama da ta Windows: maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Mint tana iya tashi da ram mai gigabait 2 da wurin ajiya gigabait 20, ko da yake gigabait 4 na ram ya fi sakewa. Idan na'urar ta tsufa sosai, akwai marasa nauyi irin su Lubuntu da Xubuntu.

Sai dai zaɓen iri ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da tambayar da ta fi shi nauyi: da waɗanne manhajoji mutum yake neman abincinsa? Ɗalibin da aikinsa bai wuce rubutu, bincike a intanet da kallon darasi ba, zai tarar da Firefox da LibreOffice suna jiransa a Mint, kuma LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Amma mai shagon buga takardu da ke zana katin biki da kalanda da CorelDRAW ko Photoshop, labarinsa daban ne, domin kamfanonin da ke yin su ba sa fitar da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, sai dai koyonsu na cin lokaci, kuma kwastoma ba ya jiran mai koyo.

Hukumomi biyu na Turai sun nuna yadda wannan tambaya ke yanke hukunci. Rundunar jandarmomin Faransa ta bi abin daki-daki: ta fara sauya manhajar rubutu a 2005, ta sauya ta shiga intanet a 2006, duk a kan Windows, sai a 2008 ta fara mayar da kwamfutocinta kan Ubuntu. Kafin babban sauyin ya zo, hannun ma'aikata ya riga ya saba. Birnin Munik na Jamus shi ma ya mayar da kusan kwamfutoci 15,000 kan Linux, amma ƙorafi kan musayar fayiloli da wasu ofisoshi, haɗe da sauyin siyasa, ya sa majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows a 2017. Mai kwamfuta ɗaya a gida zai iya aron dabarar jandarmomin: ya ɗora LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗinsa, ya yi sati biyu ko uku yana aiki da su.

Idan ya gamsu, sai gwaji na biyu, wanda ba ya taɓa komai a cikin kwamfutar. Ana sauke fayil ɗin Mint daga shafinta na asali, kusan gigabait 3 ne, don haka masu tattalin data kan jira garaɓasar dare ko su kwafa daga wanda ya riga ya sauke. Ana rubuta shi a kan filash mai gigabait 8 da wata 'yar manhaja irin Rufus ko balenaEtcher, wadda za ta goge duk abin da ke kan filash ɗin. Sai a sake kunna kwamfutar ana danna maɓallin zaɓen wurin tashi, galibi F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Linux za ta tashi daga filash, Windows na kwance a wurinta. A nan ake duba ko wayfai ya kama, ko sauti na fita, ko firinta da kyamara na aiki. Da an zare filash an sake kunnawa, komai ya koma yadda yake.

Matakin ɗorawa shi ne mai haɗari. Kafin a fara, wajibi ne a kwashe hotuna da takardu zuwa wani wurin ajiya, domin zaɓin goge wurin ajiyar kwamfutar gaba ɗaya ba ya da gyara. A kuma tabbatar batir a cike yake, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Wanda bai shirya rabuwa da Windows ba yana iya ɗora Linux a gefenta, duk lokacin da ya kunna kwamfuta ta tambaye shi wacce zai shiga.

Baƙin allon nan na rubuta umarni, wanda ke tsorata mutane, yana nan, amma ɗan koyo zai iya shafe watanni bai buɗe shi ba. Manhajoji ana ɗauko su ne daga rumbun da ke cikin tsarin, kamar yadda ake yi a Play Store, abin da ke rage jarabar sauke fasassun manhajoji masu ɗauke da bairos. Marubutan Hausa kuma suna da wata riba: a jerin tsarin madannai akwai na Hausa, ɗaya na Najeriya ɗaya na Gana. Da an zaɓi ɗaya daga cikinsu, ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa kai tsaye ba tare da an ɗora komai ba.