Kafin a Ce a Yanke Ƙafar Alhaji

Yau maganar iyayen gidanmu na Kantin Kwari za mu yi, musamman waɗanda suga ko hawan jini ya riga ya taɓa musu ƙoda.

Kai da kake tsaron shago, ka lura da Alhaji. In tafiyar masallaci kawai tana sa sharaɓarsa ta ƙulle, sai ya tsaya ya huta sannan ta saki, kar a ce tsufa ne. Sau da yawa jijiyar da ke kai jini ƙafa ce ta toshe. A mai ciwon ƙoda abin ya fi tsanani, don kalsiyam na taruwa a bangon jijiyar har ta sandare kamar tsohon tiyo. Daga nan sai zugi da daddare, sai gyambon da ya ƙi warkewa, sai yatsa ya yi baƙi.

To, akwai aikin da ake yi ba tare da an tsaga ƙafar ba. Ta gindin cinya likita zai zura siririn bututu cikin jijiyar, ya kai wurin toshewar, ya hura ɗan balan-balan ya buɗa hanya. Wani lokaci ya bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Kuma fa ba sabon abu ba ne. Tun 1964 Dokta Charles Dotter ya buɗe wa wata tsohuwa mai shekara 82 jijiya da bututu a Amurka, bayan ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Da ƙafarta ta koma gida.

Matsalar mai ƙoda ita ce rinin da ake zubawa a jini don jijiyar ta fito a hoto. Ƙoda ce ke tace shi, in kuwa ta yi rauni yana iya ƙara mata lahani. Shi ya sa ake gwada ƙodar tukuna, a ƙara ruwa in ya dace, a rage rinin, ko a sa iskar kabon a madadinsa inda ake da kayan aikin.

Don haka in kun kai shi asibiti, ku fara faɗin maganar ƙodar, ku nemi a yi hoton jijiyoyin ƙafar, ku tambaya ko za a iya buɗewa. Ba kowace ƙafa ake cetowa ba, gaskiya, amma jinkiri ne ya fi cinye su. Asibitin Malam Aminu Kano na da likitocin ƙoda, tun 2002 ma suke dashenta. Diclofenac ɗin da ake aikenku kemis ku sayo masa kuwa, ku daina, yana cutar da ƙoda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.