Ciwon jijiyoyin zuciya

Ciwon jijiyoyin zuciya cuta ce da take faruwa idan jijiyoyin da suke ciyar da tsokar zuciya da jini suka tsuke ko suka toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019.

Yadda zuciya take aiki

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iskar oksijin, ɓangaren hagu kuma yana harba shi zuwa sauran jiki. A lokacin hutu, zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana tura kimanin lita 5 na jini. Ita kanta zuciyar tana samun nata jinin ne ta manyan jijiyoyi biyu, na hagu da na dama.

Dalilai

Kitse yakan taru a bangon waɗannan jijiyoyi sannu a hankali cikin shekaru. Idan tarin ya fashe, gudan jini yakan toshe hanyar, sai wani sashe na tsokar ya fara mutuwa. Wannan shi ake kira bugun zuciya. Abubuwan da suke ƙara haɗarin sun haɗa da hawan jini, ciwon suga, shan taba sigari, ƙiba, rashin motsa jiki, tsufa da gado.

Alamomi

Babbar alama ita ce ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, wanda yakan miƙa zuwa hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi. Akan kuma sami haki, zufa mai sanyi da tashin zuciya. Ana iya rikita shi da gyambon ciki, abin da kan jawo jinkirin zuwa asibiti. Mata da masu ciwon suga sukan kamu ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba.

A jihar Sakkwato

A Najeriya, hawan jini ne kan gaba wajen haddasa cututtukan zuciya. Garuruwan Boɗinga da Shagari suna kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma mai buƙatar likitan zuciya daga can akan tura shi birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Tunda tsokar da ta mutu ba ta farfaɗowa, saurin isa asibiti yana da matuƙar muhimmanci.

Riga-kafi da magani

Likitoci suna ba da shawarar auna hawan jini a kai a kai, da barin taba, da motsa jiki na minti 150 a mako, da taƙaita gishiri ƙasa da giram 5 a rana, har da na cikin magi. Ana magance cutar da ƙwayoyin rage kitse da na hana jini daskarewa, ko a buɗe jijiyar da ta toshe, ko a yi tiyatar kewaye ta.