Ɗan leƙen asirin zamani ba ya tsallaka katanga

Babu maganar da ta kai gundura irin ta masu cewa, "Ni talaka, me wata ƙasa za ta nema a wayata?" A tunaninsu leƙen asiri aikin masu baƙin tabarau ne da satar takardun soja. Ana yin wannan har gobe, ga kuma manhajoji irin su Pegasus masu kutse cikin wayoyin 'yan jarida. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ranar 21 ga Mayun 2016, a birnin Houston na Amurka, gungun mutane biyu suka yi cirko-cirko a gaban wata cibiyar Musulunci suna musayar baƙaƙen maganganu. Shafin Facebook mai suna Heart of Texas ne ya kira na farko su fito su hana "musuluntar da" jiharsu. Shafin United Muslims of America kuma ya kira na biyun su kare cibiyar. Daga baya Majalisar Dattawan Amurka ta fallasa cewa shafukan biyu duk na wata ma'aikata ne a St. Petersburg ta Rasha, wadda wani mai suna Yevgeny Prigozhin ke ɗaukar nauyinta a lokacin. Kuɗin tallata gangamin biyu bai wuce kimanin dala 200 ba. Kamfanin Facebook ya ce saƙonnin wannan ma'aikata ƙila sun kai ga Amurkawa miliyan 126.

Waɗanda suka fito titi ranar ba janar-janar ba ne. Talakawa ne da aka taɓa musu addini da ƙabila, suka yi wa baƙo aiki kyauta.

Kuma abin ya zo har ƙofar gida. A Maris ɗin 2020 Facebook ya rufe shafukan bogi da wasu matasa ke gudanarwa daga Ghana da Najeriya a madadin 'yan Rasha, suna rura wutar wariyar launin fata a Amurka.

Abin haushi shi ne yadda mutum mai ilimi zai ga bidiyo a WhatsApp, jininsa ya tafasa, ya watsa wa zaure goma kafin ya gama kallo. Saƙon da ya zo da "a yaɗa don Allah" ba tare da suna, wuri ko kwanan wata ba, a dakata da shi. A duba ko BBC Hausa, DW ko Aminiya sun kawo labarin. A saka hoton a Google, sau da yawa tsohon rikici ne na wata ƙasa aka sake masa riga. Manyan shafukan Facebook kuma suna da sashen da ke nuna ranar buɗe su, sunayen da suka taɓa sauyawa, da ƙasar da masu kula da su ke zaune.