Koya wa Yara Godiya ta Hanyar Aikin Gayya a Lokacin Kaka

Kowace uwa ta san yadda ake sa yaro ya ce "na gode". Baƙo ya miƙa masa alewa, uwar ta harare shi, sai ya durƙusa ya faɗa. Ladabi ne mai kyau, kada mu rena shi. Amma mai hidimar da ya daɗe yana kiwon jama'a ya san akwai waɗanda bakinsu ya iya godiya tun suna ƙanana, zuciyarsu kuwa har tsufa tana ganin duk abin da ya zo hannunsu hakkinsu ne. A Luka 17, kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya komo, shi ma Basamariye. Sauran taran sun sami lafiya daidai da shi, shi kaɗai ne ya tsaya ya gane daga hannun wa lafiyar ta fito. Ganewar nan muke nema wa yaranmu, tsawa kuwa ba ta cusa ta.

Kaka ta fi kowane lokaci dacewa da wannan koyarwa. Daga Satumba da gero ke nuna, zuwa Nuwamba da Disamba da ake girbin dawa, yaro yana iya gani da idonsa hanyar da tuwo ya bi kafin ya iso kwanonsa. A tsakanin nan ne kuma yawancin ikkilisiyoyinmu suke sujadar godiya ta kaka. Yadda ake yin ta a yau, da kawo amfanin gona cikin majami'a, ana danganta farkonsa da wani limamin Angilikan mai suna Robert Hawker, wanda ya kira jama'arsa su yi godiyar girbi a ƙauyen Morwenstow na Ingila a 1843. Tushen abin kuwa yana can cikin Attaura, kuma can ya kamata mai hidima ya fara bincike.

Ku duba Maimaitawar Shari'a 26. An umarci Ba'isra'ile ya sa nunan fari a kwando ya kai wa firist. Kafin ya juya, sai ya ba da tarihin gidansu: yadda kakansa ya yi yawo ba ƙasa, yadda suka sha bauta a Masar, yadda aka fisshe su aka ba su ƙasar da hatsin nan ya fito. Bayan haka ya ci ya yi murna, tare da Balawe da baƙon da ke zaune a cikinsu. A sura ta 24, aya 19 zuwa 22, da Littafin Firistoci 19:9-10, an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙarƙaf, an hana shi komawa ɗauko damin da ya manta. Na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Dalilin da aka ba shi a Maimaitawar Shari'a shi ne ya tuna shi ma bawa ne a dā. Wato a koyarwar Musa, tunawa da alherin Allah da barin rabo domin maƙwabci ba sa rabuwa. Manzo Bulus ya kama wannan zare a 2 Korantiyawa 9, inda ya nuna gudunmawar tsarkaka tana biyan bukata, tana kuma haifar da godiya mai yawa ga Allah.

To, mu kwatanta da abin da yaro yake gani a wurinmu ranar godiyar kaka. An ɗinka masa sabuwar riga, an ɗora masa doyar da babansa ya saya jiya a kasuwa, ya shiga layi da rawa ya ajiye a gaban bagade. An tashi sujada, an fara gwanjon kaya, ana kiran sunan wanda ya fi kowa zuba kuɗi ana tafi. Ba ina cewa a daina ba, gine-ginen ikkilisiya da yawa da kuɗin nan aka ɗaga su. Sai dai yaron da wannan kaɗai ya gani zai tashi da tunanin godiya gasa ce ta masu hali. Doyar ba ta ci masa gumi ba, bai kuma san bakin da ta shiga ba.

Maganin yana cikin abin da kakanninmu suka bar mana, wato gayya. A kowace ikkilisiya akwai gonar da girbi ya fi ƙarfin mai ita: gwauruwar da 'ya'yanta suka tafi birni, tsohon da ido ya kasa, magidancin da ciwo ya kwantar tun damina. Wake in ya bushe ba a rore ba, sai ya farfashe ya zube. Gyaɗa in ta daɗe har ƙasa ta yi tauri, rabinta a ƙasa za ta tsaya. Roron wake, tsinkar gyaɗa, ɓarar masara, kwasar zangarniya zuwa masussuka, duk aiki ne da yaro ɗan shekara takwas zai iya in akwai babba kusa da shi. Manyan yara, irin 'yan birged da matasa, su kwaso kara a gyara dangar da ta faɗi, ko su taya ɗaga jinkar rumbu, inda za su gane da kafaɗarsu abin da ya sa ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya wuni yana roro, ya ga abin da ya tara bai cika tiya biyu ba bayan an casa, zai dubi kwanon wake da shinkafa da wani ido dabam.

A nan ne haɗarin yake, kuma shi ya fi bukatar hankalin mai hidima. Sau da yawa malamin Makarantar Lahadi, da kyakkyawar niyya, yakan tara yara bayan aiki ya ce, "Kun ga yadda take fama? Ku gode wa Allah ku ba haka kuke ba." Ku lura, a Luka 18 Bafarisiyen nan ma da godiya ya buɗe addu'arsa, godiyar da ta ginu a kan cewa shi ba kamar mai karɓar haraji ba ne, shi ne kuwa ya koma gida ba a karɓe shi ba. In yaro ya koyi auna albarkarsa da wahalar wani, mun shuka masa girmankai muna tsammani godiya ce. Ran da ya ga wanda ya fi gidansu, godiyar ta ƙare, hassada ta ɗauka.

Bo'aza ya nuna hanya mafi kyau a Rut 2. Ya gaya wa masu girbinsa su riƙa zare zangarku daga cikin dami suna bari, kada kuma su kunyata ta ko su tsauta mata. Rut ta koma wurin Na'omi da sha'ir ɗin da ta yi kalarsa da hannunta, mutuncinta bai taɓu ba. Haka mu ma. Kada a kira gwauruwa gaban jama'a ta karɓi buhu ana ɗaukar hoto da waya. A fara zuwa wurinta, fasto ko shugabar zumuntar mata, a tambaye ta ko tana so, da aikin da take so a yi. Ranar aiki ita ce mai gona, ita za ta nuna wa yara yadda ake yi, su kira ta Mama ko Kaka, su bi umarninta. In ta dama kunu ko ta dafa gyaɗa ta kawo, a karɓa a ci, kada wani ya ce ai ba ta da shi. Wannan kunun yana cikin darasin: yaron da ya zo bayarwa ya tarar shi ma an ba shi, sai "na gode" ta fito daga bakinsa ba wanda ya harare shi. Kuma kada gayyar ta tsaya a kan 'yan ikkilisiya. Dokar kala ta ambaci baƙo da gangan, tsohon maƙwabcinmu Musulmi da gonarsa ke jiran hannu yana cikin lissafi.

Yaran birni ba su da gona, amma hunturu yana tafe. Su tara rigunan sanyi da barguna, su wanke da kansu, su ninke, su kai. Kowane yaro ya sa wani abu da yake nasa, ko da kuɗin tararsa na kwana ɗaya ne.

Sai a kula da lafiyarsu. A yi aikin ranar Asabar da safe, da yardar iyaye, kada a taɓa ranakun makaranta, awa biyu ko uku sun isa. Kaka lokacin saran maciji ne, musamman kububuwa da ke laɓewa a ƙarƙashin dami da tarin harawa, mutanen yankin Kaltungo shaida ne. Saboda haka kowane yaro ya sa takalmi rufaffe, babba ne zai fara ɗaga kowane tari da sanda. Inda tsaro ya taɓarɓare, kada a kai yara gonar daji ko kusa. A kawo amfanin gida, su yi ɓara da tsinka a tsakar gida.

Ranar Lahadin godiya, a ba yaran nan wuri a cikin sujada yadda aka ba mai kwandon nunan fari, su faɗi da bakinsu hannuwan da abincinsu ya ratsa: wanda ya yi huɗa, wadda ta yi surfe, mai injin niƙa, da Mai aiko da ruwan sama. Sunan wadda aka yi wa aiki kuwa kada ya fito a sanarwa.