Ƙarfen Gyaran Haƙori da Gadon Jiki: Dalilin da Ya Sa Yake Karɓar Wani, Ya Ƙi Wani

Gabatarwa

A gidajen cikin ganuwar birnin Zazzau, tun daga Ƙofar Doka har zuwa Ƙofar Gayan, al'ada ce a huda wa 'ya mace kunne tun tana jaririya. Iyaye mata kuwa sun daɗe da lura da wani abu: 'yan kunne iri ɗaya, wata yarinya za ta sa su shekara da shekaru lafiya lau, 'yar'uwarta kuma kwana biyu kacal kunnenta ya kama ƙaiƙayi, ya soma ruwa. Sai a ce ƙarfen bai karɓe ta ba. Wannan magana tana da tushe a kimiyya, kuma ta shafi wayar nan da likitocin haƙori ke ɗaura wa matasa don daidaita haƙoran da suka hau juna ko suka turo gaba. Wayar takan zauna a baki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san abin da aka yi ta da shi, da abin da take saki a cikin miyau, da dalilin da ya sa jikin mutane ba ya amsa mata iri ɗaya.

Da me ake yin wayar?

Kayan gyaran haƙori sun kasu uku: ƙananan maɓallai da ake manna wa kowane haƙori, da wayar da ke ratsa su, da gam ɗin da ke riƙe su. Yawancin maɓallan da ƙarfe marar tsatsa ake yin su, wanda ke ɗauke da kuromiyam kimanin kashi 18 cikin 100 da nikel kimanin kashi 8 cikin 100. Wayar da ake fara sa wa mutum kuwa gamin nikel da taitaniyam ce, mai suna Nitinol. William Buehler ya gano ta a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka a farkon shekarun 1960, sannan George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da ita aikin haƙori a farkon shekarun 1970. Amfaninta shi ne, duk yadda aka lanƙwasa ta, ƙoƙarin komawa siffarta ta asali take yi, da haka take jan haƙora sannu a hankali. Sai dai kimanin kashi 55 cikin 100 na nauyinta nikel ne, wato ƙarfen da ya fi kowane haddasa ƙaiƙayin 'yan kunne masu araha.

Me take saki a baki?

Baki wuri ne mai ɗumi da danshi, ga gishiri, ga tsami. A irin wannan yanayi ƙarfe yakan saki ƙwayoyinsa kaɗan-kaɗan, musamman a kwanakin farko, daga nan abin ya ragu. A wani gwaji da Park da Shearer suka yi a 1983, an ƙiyasta cewa cikakken kayan gyaran haƙori na iya sakin nikel kimanin mikirogiram 40 a rana. Mikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Abincin yau da kullum kuwa, musamman wake da gyaɗa da waken suya, yana shigar wa jiki tsakanin mikirogiram 100 da 300 a rana. Ashe ke nan adadin da wayar ke saki bai kai ya zama guba ba. Matsalar tana wajen mutanen da garkuwar jikinsu ta riga ta ɗauki nikel a matsayin abokin gaba, domin su ɗan kaɗan ya ishe su.

Gam ɗin shi ma yana da nasa. An gina shi a kan wani sinadari da Rafael Bowen ya haɗa a Amurka wajen 1962, kuma yana iya sakin ɓurɓushin BPA, sinadarin da ke kwaikwayon aikin sinadarin jikin mace na istirojin. Yawancin sakin yana faruwa ne jim kaɗan bayan mannawa, shi ya sa kurkure baki sosai a lokacin yake da amfani. Hanta ce ke sarrafa BPA ta fitar da shi ta fitsari cikin sa'o'i, kuma ƙwayar gadon da ke kula da wannan aiki, mai suna UGT2B15, tana da nau'o'i daban-daban a tsakanin mutane.

Inda gado ya shigo

A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai sinadarin gado na DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3, da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Mutum biyu, ko daga ina suka fito, sun yi daidai a kusan kashi 99.9 cikin 100 na waɗannan haruffa. Ɗan bambancin da ya rage shi ke sa sinadari ɗaya ya yi wa mutane aiki daban. Misalin da ya fi kusa shi ne na ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ake gada, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma. Jaririn da ke da shi, idan aka sa masa tufafin da aka adana da kafur, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara ta kama shi, alhali wani jaririn bai ji komai ba.

Game da nikel, a 2010 masu bincike a Jamus sun nuna cewa yana manne wa wani mai gadi na garkuwar jikin ɗan Adam da ake kira TLR4, ya tayar da kumburi. Irin wannan mai gadi da ke jikin ɓera ba shi da gurbin da nikel ke kamawa, don haka gwaji a kan ɓeraye ba ya nuna ainihin abin da ke faruwa ga mutum. Akwai kuma filagirin, sinadarin da ke taimaka wa fata ta zama katanga. A 2006 masana a Jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotland sun gano cewa tawayar ƙwayar gadonsa na sa fata ta bushe ta tsattsage, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na Turawa na ɗauke da ita. Daga baya an ga alaƙa tsakanin wannan tawaya da ƙin nikel, amma alaƙar ta fi fitowa fili ga waɗanda ba a huda musu kunne ba. Dalili kuwa shi ne, huji ya riga ya ɓula katangar, mai ƙarfi ce ko mai rauni.

Huji ya fi gado tasiri

Wani bincike a kan tagwaye mata a Denmark, wanda aka buga a 2004, ya nuna cewa abin da jiki ya yi mu'amala da shi ya fi gado tasiri wajen kamuwa da ƙin nikel. A ƙasar Finland kuma, Kerosuo da abokan aikinta sun gwada matasa 700, suka buga sakamakon a 1996: kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan matan na da ƙin nikel, samarin kuwa kimanin kashi 3 ne kawai. Abin mamaki, waɗanda aka sa wa wayar haƙori kafin a huda musu kunne sun fi tsira daga matsalar. Bayanin masana shi ne, abin da ya fara shiga ta baki jiki kan saba da shi, wanda ya fara shiga ta rauni a fata kuwa yakan ɗauke shi maƙiyi.

Wannan batu ya shafi Zariya kai tsaye. Tun da hujin kunne na zuwa ne tun ana goye, kusan duk yarinyar da za a sa wa waya ta riga ta haɗu da ƙarfe ta fata shekaru da yawa kafin nan. Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 da ta ƙayyade nikel ɗin da kayan ado masu taɓa fata za su saki, amma mai sayen 'yan kunne a kasuwar birni ko ta Sabon Gari ba shi da hanyar gane hakan da ido.

Har ila yau, mafi yawan mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. A 2020 shirin H3Africa ya nazarci mutum 426 daga ƙasashe 13, ya gano bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Nau'o'in tawayar filagirin da suka yawaita a Turai ma ba safai ake samun su a jikin 'yan Afirka ba. Wannan fili ne da ke jiran ɗaliban kimiyya na yau.

Abin da ya kamata a yi

Yawancin masu ƙin nikel suna sa waya lafiya, domin miyau na wanke baki, kuma fatar cikin baki ba ta saurin tunzura kamar ta waje. Duk da haka, rigakafi ya fi magani. Wanda 'yan kunne, ko agogo, ko kan bel ke sa wa ƙaiƙayi, ya gaya wa likita tun kafin a fara aiki. Akwai gwajin da ake manna wa a gadon baya na sa'o'i 48 don tabbatarwa, kuma akwai madadi: maɓallan tangaran, da wayar taitaniyam marar nikel, da murfin roba mai haske. Idan bayan sa waya dasashi ya kumbura, leɓe ya tsattsage, ko ƙuraje suka fito a gefen baki, a koma asibiti, kada a cire da kai. Sau da yawa ma rashin goge haƙori sosai ne ke kawo kumburin, kuma likita ne zai bambance. A nemi ƙwararren likitan haƙori mai rajista a asibitin da aka sani, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A guji wayar ado da wanda ba likita ba ke mannawa, domin ba a san ƙarfenta ba, kuma tana iya gusar da haƙora masu lafiya.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Malamin kimiyyar sinadarai zai iya ɗiga ruwan dimetilgilayoksim da na amoniya a kan auduga, a goga wa 'yan kunne ko kan bel. Idan audugar ta yi ruwan hoda, ƙarfen na sakin nikel. Sai ɗalibai su ƙirga waɗanda ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi a ajinsu, maza daban, mata daban, su tambayi ko iyayensu da 'yan'uwansu ma haka suke. Daga alƙaluman da suka tara, su tattauna wane kaso za a jingina wa gado, wane kuma za a jingina wa huji.